Na ga tsohuwar kwamfutar Sakhr a wajen 'yan gwangwan: in saya ko in haƙura?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar tsofaffin kwamfutoci. Jiya na je wajen 'yan gwangwan a nan Kano neman ƙarfen da zan gyara ƙofa, sai idona ya faɗa kan wata na'ura a ƙarƙashin tulin matattun rediyoyi. Kamar allon madannai take, amma ta fi shi kauri da nauyi. Kowane madanni da baƙin Larabci da na boko a kansa, a sama kuma akwai ramin saka kaset. Da na goge ƙurar sai na ga MSX, na ga AX-170, na ga Sakhr da Larabci. Wallahi jikina ya yi sanyi, don irinta ce sak mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya zo mana da ita daga Saudiyya ina firamare. Tamu ta ɓata a wani tashin gida. Mai kayan ya ce 25,000, babu wayar talabijin, babu kaset ko ɗaya, kuma ya ce bai taɓa gwadawa ba. Ya ce in ina so mu jona a shagon maƙwabcinsa in gani da idona. Na ce ya ajiye mini zuwa jibi. Me kuka gani?

Tsohon Mai Gyara: Wa alaikumus salam. Ƙanina, kafin a yi maganar kuɗi, kada ka yarda a jona ta. Ko mai kayan ya matsa, ka ce a'a. Na'urar da ta shekara talatin da wani abu a ajiye, ta sha rana ta sha damina a wajen 'yan gwangwan, ba a gwada ta da soket. A buɗe ta tukuna a duba fanel ɗin: akwai tsatsa? Akwai kafasitar da ta kumbura ko ta zubar da ruwa? Ɓera ya ci waya? Kyankyasai sun yi gida? Bayan nan a sa mita a auna wutar da ke shiga fanel ɗin. Aisi-aisin cikinta, wato 'yan baƙaƙen ƙwayoyin nan masu ƙafafu da ke kan fanel, bolt 5 suke ci. In abin da ke daidaita wutar ya lalace ya tura musu fiye da haka, cikin ƙiftawar ido za su tafi, kuma wasunsu an daina ƙera su tuntuni.

Abu na biyu, ka juya ta ka karanta takardar da ke ƙasa ko baya. Gidajen Saudiyya na wancan lokacin akwai masu wuta 127, akwai masu 220, don haka kayan da suka fito daga can ba a yi musu zato. Mu tamu 230 ce.

Baban Ummi: Na gode Baba. Da ban tambaya ba da jibi na jona ta.

Ɗan Makaranta: Don Allah yayyena ku yi haƙuri, ba raini ba ne. Amma wannan ba irin gem ɗin nan ba ne mai allon madannai da ake sayarwa da, wanda ake saka masa kaset mai ruwan ɗorawa? Kuma ko kwamfuta ce ta gaske, me za ta yi maka yau? Akwai manhajojin da ke kwaikwayon waɗannan na'urori a waya, kyauta. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Hajiyar Jidda: A'a ɗana, ba ita ba ce. Wanda kake faɗa kwaikwayon gem ɗin Nintendo ne da aka liƙa masa madannai. Sakhr kwamfuta ce sosai. A Jidda na tashi, kuma da wuya ka shiga gidan masu yara 'yan makaranta a lokacin ba ka ji sunanta ba. Kamfanin Al Alamiah na Kuwait ne ya kawo ta, na Muhammad al-Sharikh, wanda ya rasu a watan Maris na 2024, Allah ya gafarta masa. Kamfanonin Japan ne ke ƙera jikin, irin su Yamaha da Sanyo, shi kuma ya sa mata Larabci a ciki da waje. Ma'anar sunan ma dutse. Bayan Iraƙi ta mamaye Kuwait a 1990 ne aikin ya koma Alƙahira.

Abin da ba zan manta ba shi ne kaset ɗin Alƙur'ani. Ka rubuta kalma, na'ura ta nemo maka ayoyin da take ciki. Kakarmu ba ta yarda ba sai da aka gwada a gabanta sau uku, tana riƙe da Mus'hafi tana dubawa. A kan Sakhr na fara ganin rubutu yana tafiya daga dama zuwa hagu a talabijin, ni ce nake bugawa da hannuna. Baban Ummi, da ni ce kai, ko ba ta aiki zan saya.

Kawun Birmingham: Hajiya ta faɗi gaskiya a kan asalinta. In ƙara kaɗan: MSX ba sunan kamfani ba ne, tsari ne da aka fitar a 1983, tsakanin Microsoft da kamfanin ASCII na Japan ƙarƙashin Kazuhiko Nishi. Manufar ita ce kowa ya ƙera tasa, Sony ko Toshiba ko Philips, amma kaset ɗin wannan ya yi aiki a waccan. Wannan yana da amfani gare ka, Baban Ummi, don ba lallai sai kaset ɗin Sakhr ba, yawancin na MSX na farko za su hau. Ƙwaƙwalwarta irin Z80 ce, aisin da sai a 2024 kamfanin Zilog ya sanar da daina ƙera shi.

Amma ban goyi bayan "ko ba ta aiki a saya" kai tsaye ba. Shekara kusan goma ina tara irin waɗannan a nan Ingila, kuma darasin da ya fi ci mini kuɗi shi ne kalmar nan "ban gwada ba". A shafukan gwanjo na intanet, sau da yawa wanda ya rubuta haka ya gwada, ya ga ba ta tashi, ya zaɓi ya yi shiru. Don haka duk abin da aka ce ba a gwada ba, ka saye shi a kuɗin matacce. In ya tashi, riba ce.

Tsohon Mai Gyara: A can wajenku haka ne, Alhaji. Amma ɗan gwangwan da ya ce bai gwada ba, galibi gaskiya ya faɗa. Shi kilo yake kallo: tagulla nawa, alminiyom nawa. Haɗarin da ke nan daban ne. In Baban Ummi ya yi jinkiri, guduma za ta hau kanta a cire taransifomar a jefar da saura. Na sha zuwa na tarar da ɓawon abu mai daraja an riga an fasa.

Kawun Birmingham: Na yarda, Baba. Wannan bambanci ne na gaske.

Tunda an buɗe maganar, bari in faɗi yadda ake nema a nan, ko wani zai amfana. Wuri mafi daɗi shi ne kasuwar ranar Lahadi da ake yi a fili, mutane su zo da motocinsu su buɗe but su baje kayan da suka gaji da su. Sai ka yi sammako, don masu saye su sayar suna zuwa da tocila tun gari bai waye ba. A nan aka fi samun ZX Spectrum, saboda ita ce ta cika gidajen Ingila. Clive Sinclair ya fitar da ita a Afrilun 1982, fam 125 mai kilobait 16, fam 175 mai 48. Ƙarama ce, madannanta na roba. Ciwonta sananne ne: 'yar ledar da ke ƙarƙashin madannan takan bushe ta tsage, sai wasu layuka su daina aiki. Wannan ba abin tsoro ba ne, har yau ana ƙera sabuwa. Abin tsoro shi ne adafta. Bolt 9 take ci, amma tsakiyar bakin adaftar shi ne negatif (−), ba kamar yawancin adaftocin yanzu ba. Mutum ya ɗauko wadda bakinta ya shiga ya soka, shi ke nan.

BBC Micro kuma, wadda Acorn ta ƙera aka cika makarantun Ingila da ita tun 1981, tana da wasu kafasitoci a ɓangaren wuta da sukan tsage da tsufa. Kana kunnawa, bayan 'yan mintuna sai hayaƙi mai wari ya cika ɗaki. Na'urar kanta galibi ba ta mutu ba, amma duk wanda ya sani yakan canza su kafin ya kunna. Daga wannan kamfanin na Acorn ne ARM ya fito, tsarin ƙwaƙwalwar da ke cikin wayar da Ɗan Makaranta yake rubuto mana da ita.

Commodore 64 ita ce ta fi kowacce yawa, an sayar da miliyoyi tun daga 1982 da ta fito a dala 595. Ita matsalarta tubalin wutar nan ne, wato adaftarta. An cika cikinsa da wani danƙo mai daskarewa, ba ya gyaruwa cikin sauƙi, kuma in ya tsufa yakan tura fiye da bolt 5 ya kashe aisin ajiya. Masu tarawa da yawa ba sa amfani da na asali sam, ajiye shi suke yi don ado su sayi sabo.

Amiga 500 ta 1987, in ka samu, abu na farko ka buɗe 'yar ƙofar da ke ƙasa. Katin ƙarin ƙwaƙwalwar da ake sakawa a wurin yana da batir mai kama da ƙaramar ganga. Yakan zubar da ruwa ya cinye layukan tagulla, ka ga kore-kore a fanel. Ita 500 Plus ma batir ɗin a kan babban fanel yake, ɓarnarsa ta fi muni.

Game da farashi kuma, kada ka duba abin da masu sayarwa suka rubuta suna nema. Ka duba abin da aka riga aka saya a kai. Tazarar tana da yawa.

Malam Na Zariya: Ina bin maganar tun farko. Ni tambayata ta wani ɓangare ce, kuma da kyakkyawar niyya nake yi. A wannan halin da ake ciki, mutum ya cire 25,000 ya sayi abin da ba zai yi masa aiki ba, ya jera a kanta yana kallo, anya ba almubazzaranci ba ne? Na ga hotunan wasu a Turai, ɗaki guda cike da kwamfutoci hamsin, babu wadda ake kunnawa.

Hajiyar Jidda: Malam, tambayarka tana kan hanya. Amma mutum yakan ajiye takobin kakansa ko allon da ya yi sauka da shi, ba don zai yi yaƙi ko zai koma makarantar allo ba. Baban Ummi bai ce zai cika ɗaki ba. Guda ɗaya ce, irin wadda mahaifinsa ya ɗauko tun daga Saudiyya ya kawo wa 'ya'yansa.

Malam Na Zariya: Wannan na fahimta, Hajiya, kuma ban ga laifinsa ba in bai tauye haƙƙin iyali ba. Mai hamsin ɗin ne har yanzu ban gamsu ba.

Kawun Birmingham: Malam, ni goma sha ɗaya gare ni, kuma maganarka ta taɓa ni. Akwai lokacin da na riƙa saye don kawai na ga araha. Daga baya na sa wa kaina doka: ba na ajiye abin da ba zan iya gyarawa in kunna ba. Huɗu na bayar. Amma ka sani, da yawa daga abin da ke gidajen tarihin kwamfuta na nan Ingila irin na Bletchley Park da na Cambridge, daga hannun mutanen da suka ƙi zubarwa ya fito. Lokacin da kowa ke kai su juji, su suka ɗauke.

Malama Mai Lissafi: Ni ta fuskar koyarwa zan shigo, don in amsa wa Ɗan Makaranta. Ina da Commodore 64 guda ɗaya da wani ɗan'uwa ya aiko mini. Ina kai ta aji sau ɗaya a zango. Kana kunnawa, babu jira, babu hoto, sai shuɗin allo da kalma ɗaya tana jiranka ka ba da umarni. Yarinya ta rubuta layi biyu na BASIC, harshen da ake ba ta umarni da shi, sunanta ya cika talabijin yana gudu. Daga nan tambayoyi suke ɓarkewa: ina sunan ya shiga, me ya sa bai tsaya ba, yaya zan tsayar da shi. Na gwada da manhajar kwaikwayo a laftof, ba su ɗauke ta da muhimmanci ba, gani suke wani gem ne a cikin laftof. Amma da na buɗe murfin na nuna musu aisi ɗaya-ɗaya, wannan shi ke lissafi, wannan shi ke hoto, wannan shi ke sauti, sai suka gane cewa kwamfuta abu ne da mutum ya haɗa da hannunsa. Kilobait 64 kacal, hoto ɗaya na wayarka ya ninka ta sau da yawa.

Ɗan Makaranta: Malama, wannan ya shige ni. Ban taɓa ganin cikin kwamfutar da zan iya ƙirga kayanta ba. To in mutum yana so ya fara, wacce ta fi sauƙi, kuma daga ina?

Ɗan Yamai: Kafin a ba shi amsa bari in sa baki, don mu nan ɓangaren Faransa labarinmu daban ne. Da na yi karatu a Faransa na ga Thomson MO5 da TO7 birjik a kasuwannin kwashe kayan gida. Dalili shi ne a 1985 gwamnatin Faransa, lokacin Laurent Fabius yana firaminista, ta zuba su a makarantu. MO5 tana da alƙalamin da ake taɓa gilashin talabijin da shi. To ga inda mai saye zai kula: alƙalamin nan ba ya aiki sai da talabijin mai ƙeya, na zamani shafaffe ba ya karanta shi. Kuma kayan Faransa da babban bakin wayar talabijin ɗin nan na Péritel suke fita, wanda talabijin da yawa a Najeriya ba su da shi. Ni yanzu duk sanda na shiga kasuwar Katako a nan Yamai ina duba tsofaffin talabijin ma, ba kwamfuta kaɗai ba.

Ƙanena, shawarata kada ka sayo daga Amurka. Na taɓa yi. Wani ya kawo mini Atari 800XL, murna ta sa ban karanta jikin adaftar ba, na soka a wutarmu. Ta 120 ce. Ƙara ɗaya ta yi, wari ya tashi. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don na'urar ta tsira shekara talatin a hannun wani, ta zo ta samu matsala a hannuna cikin daƙiƙa ɗaya. Ko ka tsallake wannan, tsarin hotonsu NTSC ne, sai ka ga launi ya ɓace ko hoto yana birgima a tsohon talabijin ɗinmu.

Kawun Birmingham: Sannu Ɗan Yamai, abin da ciwo. Shi ya sa ga ɗan Najeriya kayan Ingila suka fi dacewa: wuta ɗaya, bakin soket ɗaya, tsarin PAL ɗaya. Kuma Spectrum ba ta da nauyi, tana shiga jakar matafiyi. Abin da zan hana shi ne Amstrad CPC 464, ba don ba ta da kyau ba, sai don daga allon kallonta take shan wuta, shi kuma nauyinsa zai sa kuɗin kago ya fi kuɗin kayan, ga fargabar fashewa a hanya. Kaset da faifai kuma kada su dame ka. Akwai 'yan na'urori da ake sakawa su karanta katin ajiya irin na waya, SD2IEC ga Commodore, DivMMC ga Spectrum.

Tsohon Mai Gyara: Ni kuwa cewa zan yi ya fara da gida. Ya tambayi tsofaffin malaman jami'a da suka yi karatu a Ingila a shekarun 1980, da 'yan kasuwar da suka yi zaman Saudiyya, da iyalan da ke kwashe ɗakin ajiya. Ya bar wa masu jari-bola biyu ko uku hoton abin da yake nema, ya ce zai biya fiye da kuɗin kilo. Haka na samu duk abin da nake da shi.

Baban Ummi: Jama'a na dawo da labari. Na koma yau da safe, ban jira jibi ba saboda maganar gudumar nan ta hana ni barci. Mun daidaita a 15,000. Na kai wa wani dattijo mai gyaran talabijin a unguwarmu, na karanta masa abin da Baba ya rubuta. Ya buɗe. Ƙura kamar an zuba da kwano, da gawar kyankyasai, amma babu tsatsa a fanel. Kafasita biyu sun kumbura, ya canza. Ya auna wuta ya ce daidai take. Sai ya ɗauko wani tsohon talabijin mai ƙeya, ya haɗa ta wayar eriya, yana murɗa tasha a hankali. Yayyafi, yayyafi, sai ga shuɗin allo ya fito da rubutu. Wallahi sai da na fita waje na tsaya kaɗan. Na kira yayata na nuna mata ta bidiyo, ta kasa magana, sai addu'a take yi wa mahaifinmu.

Saura matsala biyu. Madannai kusan bakwai ba sa amsawa. Kuma jikin ya yi jaja-jaja kamar tsohon haƙori. Na ga ana shafa ruwan haidirojin a shanya a rana ya koma fari. In yi?

Hajiyar Jidda: Alhamdu lillah! Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ka ji daɗinta. Har na yi ƙwalla.

Kawun Birmingham: Barka, barka. Maganar farin, na yi wa guda biyu. Yana aiki, amma bayan 'yan shekaru launin ya fara dawowa, ɗaya kuma ta yi dabbare-dabbare don ruwan bai kwanta daidai ba. A ranar Kano abin zai yi sauri fiye da nan, kuskure ma zai yi sauri.

Ɗan Yamai: Ni ina ganin ya yi. Yadda mahaifinsa ya kawo ta fara tas, haka ya kamata ya gan ta.

Tsohon Mai Gyara: Ban yarda ba, Ɗan Yamai. Robar da ta kai wannan shekarun ta riga ta yi rauni, ga zafin da ta sha. Kuma baƙaƙen Larabcin da ke kan madannan su ne darajarta, in suka kodɗe ba shagon da zai sayar maka da wasu. Ƙanina, ka cire ɓawon ka wanke da ruwa mai ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, ka shanya a inuwa. Madannan kuma a buɗe ƙasansu a hankali, a ɗauki hoto kafin a cire komai don a san mazaunin kowanne, a goge wurin taɓawar da auduga da sifirit. Kada a kankare da reza ko sanfefa. Galibi datti ne kawai. In ka gama, kada ka riƙa jona ta kai tsaye a wutarmu mai hawa da sauka, ka sa sitabilaiza, kuma ka cire daga soket in ka kashe. Lokacin hunturu ka rufe ta da ƙyalle.

Malam Na Zariya: Na taya ka murna, Baban Ummi. Ka zaunar da Ummi a gabanta ta koyi abin da Malama ta faɗa.

Baban Ummi: In sha Allahu, Malam. Na bar maganar haidirojin, sabulu zan bi. Yanzu abin da ya rage mini kaset ne, musamman na Alƙur'anin da Hajiya ta ambata, don shi ma muna da shi a gida a lokacin.

Hajiyar Jidda: Ƙanena yana zuwa kasuwar Sawarikh a kudancin Jidda kusan kowace Juma'a bayan la'asar. Zan tura masa hoton. In an dace, akwai masu zuwa Umara daga Kano a watan gobe, sai a ba su su riƙo maka. Ka turo mini hoton ramin kaset ɗin da na takardar ƙasan ta akwatin saƙo.

Ɗan Makaranta: Yaya Baban Ummi, in ba damuwa, ranar da za a buɗe madannan zan so in zo in gani. Ni ma a Kano nake.

Baban Ummi: Asabar da hantsi, ƙanina. Ka taho da auduga, ni zan sayi sifirit ɗin.